Dangantakar Giwa da Rema da Ayu

Masana sun ƙididdige nau'o'in dabbobi masu shayarwa fiye da 6,000 a duniya. Abin da ya haɗa su shi ne gashi a jiki da shayar da 'ya'ya nono. Kusan kashi 40 cikin 100 dangin ɓera ne, jemagu kuma sun haura nau'i 1,400. 'Yan kaɗan, a Ostareliya da tsibirin Niyu Gini, ƙwai suke sakawa. Wasu, irin su kangaru, a jakar ciki suke renon ɗa. Mafi yawa kuwa ɗan tayi yana girma ne a mahaifa, yana samun abinci ta mabiyiya.

Wajen rarraba su dangi-dangi, kamannin jiki kan yaudari ɗalibi. Bushiya da beguwa duk ƙaya gare su, amma beguwa ce kaɗai 'yar'uwar ɓera. Haƙora sun fi faɗin gaskiya: dangin ɓera suna da haƙoran gaba biyu a sama, zomo kuwa huɗu gare shi, shi ya sa aka ware shi daban.

Babu misalin da ya kai na rema. Wanda ya hango ta tana shan hantsi a kan duwatsu zai ɗauka gafiya ce marar wutsiya, alhali makusantanta su ne giwa da ayu, wanda ke zaune a kogunan Neja da Binuwai. Haƙoran gaba na sama na rema kan yi tsawo tamkar ƙaramin haure, kuma hauren giwa ma ainihinsa haƙorin gaba ne. A dukkan ukun marainan namiji a cikin ciki suke. Nonuwan giwa da na ayu kuma a ƙirji suke, kusa da hammata. Binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da wannan zumunci, har a 1998 aka tattara su da dabgi cikin rukuni guda mai suna Afrotheria, wato dabbobin da tushensu Afirka.

Akwai kuma jinkirin haihuwa. Giwa kan ɗauki ciki wata 22, rema duk da ƙanƙantarta wajen wata bakwai, ayu kuwa kimanin shekara guda, kuma galibi ɗa ɗaya take haifa. Saboda haka idan mafarauta ko tarun masunta suka kashe ayu mace a wani yanki na kogi, sai an daɗe kafin a sami wata a gurbinta.