Yadda Na Sa Wa Minecraft Rigar Kadawa Da Wayar Hannu Kawai

Wata ranar Asabar ƙanena ya miƙo mini wayata bayan ya kusa ƙarar mata da caji, ya ce, "Yaya, zo ka ga gonar Baba." A cikin wasan Minecraft ya gina ta. Ya ja kanal a tsakiya, ya yanka fangali dama da hagu, har da 'yar gadar da muke takawa mu tsallake ruwa. Tsarin dai gonarmu ce sak. Amma ƙasar ba tamu ba ce, ciyawar kore shar kamar ta hoton kalanda, bukkar da ya kafa a gefe kuma ta katako ce irin ta ƙasashen sanyi. Sai ya tambaye ni abin da ya jawo wannan rubutu: "Wai me ya sa babu shinkafa a wasan nan?"

Gaskiyarsa. A Minecraft akwai alkama, karas, dankalin Turawa, kabewa, kankana da rake, amma babu shinkafa, babu tumatir. Ba abin mamaki ba ne, domin wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ne ya fara fitar da wasan a 2009. Kamfanin Microsoft ya sayi Mojang, kamfanin da ke yin wasan, a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Duk da wannan yawa, yaron da ya tashi tsakanin Kura, Bunkure da Garun Malam ba zai ga garinsu a ciki ba, sai in shi ya sa da hannunsa. Kuma zai iya, ba tare da kwamfuta ba.

Kowane bulo riga yake sanye da ita

Duk abin da kake gani a duniyar Minecraft, ƙasa ce, dutse ne, ganye ne, ɗan ƙaramin hoto ne aka lulluɓa wa bulo. Girman hoton fiksel 16 a tsaye, 16 a kwance, wato ɗigo 256 ke nan. Waɗannan hotuna su masu wasan ke kira texture, ni kuwa riga nake ce musu. Idan ka tara rigunan da ka zana a folda ɗaya ka ba wasan, zai ajiye nasa ya ɗauki naka. Wannan shi ne resource pack, ko kunshin riguna.

Ba kutse ba ne, ba kuma saɓa doka ba ne. Masu wasan da kansu suka bar ƙofar a buɗe, har ma Mojang ta ajiye ainihin fayilolin rigunan a shafin GitHub da sunan bedrock-samples don kowa ya duba. Su ma sun taɓa sauya rigunan gaba ɗaya a 2019, lokacin da mai zanensu Jasper Boerstra ya sake zana kusan kowane bulo.

Abu guda da za ka riƙe tun yanzu: Minecraft iri biyu ne. Akwai Java na kwamfuta, akwai Bedrock wanda ke kan waya. Kunshin ɗaya ba ya aiki a ɗaya. Duk bayanin da ke nan na Bedrock ne.

Kafin zane, sai na koma gona

Kuskurena na farko shi ne zama a ɗaki in zana Kadawa daga ka. Abin da ya fito ja ne wur kamar an zubar da manja. Sai na gane ban taɓa kallon ƙasarmu da kyau ba, duk da a kanta na girma.

Washegari na bi bakin kanal ina ɗaukar hotuna: busasshiyar ƙasa, jiƙaƙƙiya, katangar wani tsohon zaure, kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Da na zuƙo launukan da manhajar zane, sai na ga ƙasar ba launi ɗaya ba ce. Akwai ja-ja, akwai ruwan toka, akwai ɗigon yashi mai haske. Launi biyar na tsinta daga hoton, da su na cike ɗigo 256 ɗin.

A nan ne kuma na lura cewa wasan da gonakinmu dokarsu kusan ɗaya ce. Ruwan da muke noman rani da shi daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Yana gangarowa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana har ya isa fangali, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Gonar da ta yi nisa da ruwa ita ke shan wahala. A Minecraft ma haka ne: ruwa yana jiƙa ƙasar noma har nisan bulo 4 ta kowane gefe, daga nan sai fari. Bulon ruwa ɗaya tak yana shayar da bulo 80 da ke kewaye da shi. Idan ka ja kanal biyu, layi 8 za ka bari a tsakaninsu. Ƙanena bai karanta wannan a ko'ina ba, ya dai saba gani a gona.

Kayan aiki

Abu huɗu nake amfani da su, duk a waya: manhajar zanen fiksel irin Pixel Studio, manhajar sarrafa fayil irin ZArchiver, kowace manhajar rubutu da za ta iya adana fayil da sunan da ka ga dama, sai shafin intanet mai samar da lambar UUID kyauta.

Ka buɗe folda, ka sa mata suna Kadawa. A cikinta ka buɗe wata mai suna textures, a cikin wannan kuma ka buɗe blocks da items. Sai ka rubuta fayil mai suna manifest.json, wanda shi ne katin shaidar kunshin naka:

{
"format_version": 2,
"header": {
"name": "Kadawa",
"description": "Rigar gida",
"uuid": "lamba ta farko",
"version": [1, 0, 0],
"min_engine_version": [1, 20, 0]
},
"modules": [{
"type": "resources",
"uuid": "lamba ta biyu",
"version": [1, 0, 0]
}]
}

Inda na rubuta lamba ta farko da ta biyu, nan za ka liƙa UUID guda biyu mabambanta. Sirrin sauran aikin kuwa suna ne. Wasan ba ya duba abin da ka zana, sunan fayil kawai yake bi. Duk hoton da ka kira dirt.png ka sa a foldar blocks, shi ne zai zama ƙasar duniyarka.

Alkama ta koma shinkafa

Tunda ba a iya ƙara sabon tsiro da kunshin riguna, sai na yi aro. Alkamar wasan tana da matakan girma 8, daga wheat_stage_0 zuwa wheat_stage_7. Na zana su a jere: tsiron da aka dasa daga iri, sai ya yi 'ya'ya ya cika, sai ya fitar da kai, a ƙarshe zangarniyar ta yi ruwan zinariya ta sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ita ce ta fi ba ni wahala, don ita ke bambanta shinkafa da alkama ko daga nesa.

Sai matsalar ruwa. Shinkafarmu a cikin ruwa take tsaye, amma a wasan in ruwa ya taɓa shuka tumɓuke ta yake yi. Dabarar da na yi ita ce: ƙasar noma tana da riga biyu, farmland_wet ta jiƙaƙƙiya da farmland_dry ta busasshiya. A ta farko na zana ruwa kwance mai ɗan ƙyalli da laka a ƙarƙashi, ta biyu kuma na yi ta da tsagewa irin ta fangalin da ya kwana biyu bai sha ba. Yanzu da ka hango gona ka san inda ruwa bai kai ba.

Tumatir kuwa daga wani jan gwoza na Turawa na aro shi, mai matakai 4, beetroots_stage_0 zuwa 3. A matakin ƙarshe na rataya jajayen 'ya'ya uku. Wani abokina da ya gani ya ce saura in zana tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016, wadda manoma ke kira Sharon. Na ce a'a, a bar mana wuri ɗaya da ba ta iso ba.

Sunaye ma ana sauya su. A cikin folda mai suna texts, ka rubuta fayil en_US.lang, ka sa layi kamar haka: item.wheat.name=Shinkafa. Da haka burodin wasan ya koma tuwo a wayarmu, bayan na sake zana hotonsa a foldar items. Kuma da yake Kadawa na noman alkamar gaske lokacin hunturu, kunshi biyu na yi: na damina mai shinkafa, da na rani wanda na bar alkama yadda take.

Ginin ƙasa

A watan Yunin 2022 wasan ya samu bulon laka. Abin da ya burge ni shi ne yadda ake sarrafa shi: sai ka gauraya laka da alkama ka samu dunƙulalliyar laka, daga ita ka yi bulon gini. Duk wanda ya taɓa ganin magina na cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su yi tubali ya san wannan aiki.

Sai dai rigar da suka sa masa layi-layi ce irin ta jan bulo. Na sauya mud_bricks.png zuwa katanga mai yaɓe, da sawun yatsu a jiki. A wani bulon daban na zana dagi, mu riƙa sa shi a saman ƙofar zaure. Zana dagi a fili mai ɗigo 16 ya ci mini dare biyu, amma ya fito.

Ramukan da na faɗa

Ciyawa ce ta fara kayar da ni. Na zana ta kore, ta fito kusan baƙa. Ashe ainihin hoton grass_top ruwan toka ne, wasan ne ke shafa masa launi gwargwadon yankin da kake. Kore a kan kore sai ya yi duhu. Ka bar ta a ruwan toka.

Na biyu, maimaici. Na sa ɗan farin dutse a rigar ƙasa, da aka shimfiɗa ta a fili sai dutsen ya jeru reras kamar zanen atamfa. Ka guji duk ɗigon da ya fita daban, kuma ka tabbata gefen dama ya dace da na hagu, sama ta dace da ƙasa.

Na uku, hoton shuka dole ya zama PNG wanda bayansa babu komai. In ka adana shi a JPG, shinkafarka za ta fito a cikin farin akwati.

Na huɗu, waƙafi guda da na manta a manifest.json ya hana kunshin shiga har tsawon yini. Haka in UUID biyun suka zama iri ɗaya. In kuma ka yi gyara, ka ɗaga lambar version zuwa [1, 0, 1], in ba haka ba wasan zai ce ai yana da wannan.

Na ƙarshe, kwaɗayin girma. Rigar 64 a 64 ɗigo 4,096 ce, ninki 16 na ta asali. A ƙaramar waya sai zafi, sai sanyin gudu, sai cin batir. Ka tsaya a 16.

Idan ka gama, ka dunƙule abin da ke cikin foldar zuwa zip, ka sauya ƙarshen sunan ya koma .mcpack, ka danna shi. Wasan zai buɗe ya shigar da shi da kansa. Sai ka je Settings, ka shiga Global Resources, ka kunna shi.

Ga wanda ba shi da kuɗin saye

Minecraft na waya ba kyauta ba ne, shi ya sa da yawa ke bin shafukan da ke raba wanda aka yi wa kutse. Ina roƙonka ka kiyaye. Wayar da kake wasa da ita, ita ce mai manhajar bankinka. Kunshin riguna na gaskiya hotuna ne da rubutu kawai. Duk wanda ya ce sai ka girka wata manhaja ko ka ba shi izinin karanta saƙonninka, ka gudu.

Akwai mafita mai tsafta: Luanti, wanda a da ake kira Minetest kafin a sauya masa suna a 2024. Kyauta ne, yana kan Android, ba shi da nauyi, shi ma yana karɓar riguna. Sunayen fayilolinsa ne suka bambanta, amma zanen duk ɗaya ne.

Ba wasa ba ne kawai

Ni sakandare na gama, ban je jami'a na karanta kwamfuta ba. Amma abubuwan da nake ci da su yau a aikin rubuta manhaja, wato tsara folda, kiyaye sunan fayil, karanta JSON, lambar sigar aiki, da haƙurin neman waƙafin da ya ɓata, duk suna cikin wannan ɗan aiki. Ko manya sun ga amfanin wasan: tun 2012 hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Mojang suka fara shirin Block by Block, inda mazauna unguwa ke zana filayensu a Minecraft kafin a gina, kuma a unguwar Kibera ta birnin Nairobi aka fara gwada shi.

Ƙanena yanzu shi ke zana nasa. Makon jiya ya mayar da damin ciyawar wasan buhun shinkafa, ya jera su a bakin hanya kamar yadda ake yi a Kura lokacin kaka. Da Baba ya leƙa wayar, bai tambayi sunan wasan ba. Yatsa ya sa a kan wani fangali da ya tsage a can ƙarshen gona, ya ce, "Wannan bai sha ruwa ba."

Kai ma ka fara da bulo ɗaya. Ka fita ƙofar gida, ka ɗauki hoton ƙasar da kake takawa kullum, ka ƙirga launukan da ke cikinta.