Yaro Ya Samu Jami'a, Wa Zai Ɗauki Cinsa Da Kwanansa?

 

Ya 'yan'uwa, duk lokacin da sakamakon shiga jami'a ya fito, gidajenmu a nan Gadarif sukan cika da guɗa da barka. Amma da an watse, sai uba ya koma gefe ya yi tagumi. Kuɗin rajista sau ɗaya ake biya a shekara, ko da ƙyar a kan haɗa. Abin da ke hana barci shi ne na kullum: ina yaron zai kwana, me zai ci, da me zai hau mota, wa zai saya masa magani in zazzaɓi ya kama shi a garin da ba shi da kowa. Wannan bayani an yi shi ne don mu san asalin matsalar, da hukuncin shari'a a kanta, da ƙofofin da za a iya ƙwanƙwasawa.

Yadda nauyin ya dawo kan iyaye

Dattawan da suka yi jami'a a da za su gaya maka cewa ɗalibin Jami'ar Khartoum gwamnati ce ke ba shi ɗaki da abinci, har da ɗan kuɗin kashewa. Lokacin jami'o'in ƙasar 'yan kaɗan ne, masu shiga kuma ba su da yawa. A 1990 gwamnati ta kawo abin da ta kira juyin ilimi mai zurfi, aka buɗe jami'o'i a jihohi, aka ninka yawan ɗalibai. Jami'ar Kassala ta zo a 1990, tamu ta Gadarif a 1994. Ɗan manomi ya samu ƙofar da ba shi da ita a da. Sai dai a daidai wannan lokaci aka janye ci da kwana kyauta, aka miƙa lamarin ga wani asusu na ƙasa mai kula da ɗalibai, wanda kowa ke kira Sanduk. Shi ke riƙe da dakiliya, wato gidajen kwanan ɗalibai. Gadajensa ba su taɓa isar masu nema ba, saura sai haya.

Sai kuma jine ya yi ta faɗuwa. A Fabrairun 2021 gwamnati ta sauya farashin dala daga jine 55 zuwa 375, a tsakiyar shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, jami'o'in Khartoum suka rufe, a Disamba na shekarar Madani ta bi, da Jami'ar Jazira a cikinta. Jama'a suka kwararo Gadarif, haya ta tashi, abinci ya tashi. Ɗaliban da ya kamata su gama a shekara 4 ko 5 suka ƙara shekaru a kai, wasu suna karatu ta intanet, suna tafiya wani gari don jarrabawa. Kowace shekara da ta ƙaru, a wuyan uba take.

Akwai kuma abin da ya keɓanci mu mutanen noma. Kuɗinmu sau ɗaya yake shigowa, a kaka: riɗi wajen Oktoba da Nuwamba, dawa daga Disamba zuwa Janairu. Shi kuwa ɗalibi kowane wata yake ci. Watannin da ya fi matsuwa, daga Yuni zuwa Satumba, su ne daidai lokacin da uba ya zuba komai a gona, iri da man tarakta da kuɗin masu noma. To ka ga ko gidan da ke da rufin asiri yana iya rasa abin aikawa a watan Agusta.

Shin wajibi ne a kan uba?

Da yawa suna tambaya, yaro ya balaga, ya yi gemu, har yanzu ciyar da shi na kaina? A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda ɗalibai suka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga yana da lafiyar nema, 'ya mace kuwa har ta yi aure ta tare. Malaman Hanafiyya sun ƙara da cewa ɗalibin da karatu ya hana shi nema, hukuncinsa hukuncin wanda ba ya iyawa ne, uba zai ci gaba da ciyar da shi. Dokar iyali ta Musulmi ta Sudan ta 1991 ta ɗauki wannan hanya: ciyarwa na ci gaba matuƙar yaron na karatu kuma yana cin jarrabawarsa yadda aka saba.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, ma'aunin ciyarwa shi ne ƙarfin uba, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna: mai yalwa gwargwadon yalwarsa, mai ƙunci gwargwadon abin da Allah Ya ba shi. Ba a ɗora wa leburan gona abin da ake ɗora wa mai mashru'i. Uban da ya ba da iyakar abin da yake iyawa ba shi da laifi wurin Allah, kada ya kashe kansa da tunani. Na biyu, sharaɗin cin jarrabawa yana kan ɗalibi. Wanda ake aika wa kuɗi yana zaman shayi, ya faɗi ya ɓoye, ya ci amanar gida.

A kula kuma da 'ya'ya mata. Idan abu ya matse, sau da yawa yarinya ake fara cewa ta haƙura, alhali ita ce ciyarwarta ta fi tabbata a kan uba. Mu ne kuma muke neman likita mace da malama mace in buƙata ta taso. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan magana kan masu barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma malama ce da ta karantar da mata. In za a auna wa za a ci gaba da shi, a auna da ƙoƙari da natsuwa.

A yi lissafi kafin a cika fom

Gyara tun ran zaɓen jami'a yake farawa. Ɗalibin da ya samu gurbi a Gadarif, yana kwana gida yana cin tuwon gida, an sauke wa uba haya da abinci gaba ɗaya, saura kuɗin raksha da takardu. Wanda ya tafi Kassala ko Sinnar ko Fort Sudan, komai sai an saya. Don haka kafin a rubuta zaɓi, a zauna da yaro a tambaya: fannin nan da kake so, akwai shi a nan? In babu, wa muke da shi a can?

A bambance kuma tsakanin shiga ta gama-gari da shiga ta kuɗin kai. Ta biyun kuɗinta ya ninka na farkon nesa ba kusa ba, kuma kowace shekara ake biya. Uban da ya sayar da fili ya biya shekarar farko ta likitanci, ya tuna akwai sauran shekaru a gaba, ga ci da kwana a kai. Gara difloma ko fannin da za a iya kaiwa ƙarshe da babban suna da za a yanke a tsakiya. Jami'ar Sudan ta Buɗe ma hanya ce ga wanda dole ya haɗa aiki da karatu.

Sannan a ɗauki takarda a rubuta abu shida: ɗaki, abinci, mota, takardu da kuɗin intanet, magani, da tafiyar hutu. A tambayi ɗalibin da ke can yanzu, don farashin bara ba ya aiki bana. A yi wannan zama da uwar yaron da shi kansa yaron. Ɗan da ya ga lissafi da idonsa ba ya zaton ana masa rowa.

Dabarun da ke hannunmu

Ga manomi, a ware buhunan ɗalibi tun a masussuka, a sa musu alama, kada a taɓa su don biki ko suna. A riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon buƙatar wata. Hatsi ya fi jine riƙe daraja, kuma galibi farashinsa da damina ya fi na kaka. Malamanmu ba su ɗauki ajiye abin da mutum ya noma da kansa a matsayin ɓoye kaya da aka hana ba, sai dai in jama'a sun shiga yunwa, nan hukunci ya sauya.

Abin da za a guje wa shi ne shel, wato karɓar kuɗi da damina a kan amfanin da bai nuna ba, da farashin da ɗan kasuwa ya ga dama. Cinikin salam halal ne da sharuɗɗansa: a biya kuɗi nan take, a san awo, a san iri, a san ranar bayarwa. Amma wanda ya shiga shi cikin matsi yakan ba da buhu a rabin darajarsa, kaka ta zo ya tarar ya riga ya cinye ta. Bashin ruwa kuwa haramun ne, ko don karatu aka ci. In dole sai bashi, a nemi na alheri wurin ɗan'uwa, a rubuta shi da shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar.

Adashi, wanda maƙwabtanmu ke ce wa sanduk ko khatta, iyayenmu mata sun fi kowa iya shi. A tsara kwasar gidan mai ɗalibi ta faɗo watan rajista. Guzuri ma kuɗi ne: garin dawa, busasshiyar kuɓewa, sharmut, dakwa, albasa, wake. Kuɗin wata kuma in ana turawa ta Bankak, a raba shi biyu, farkon wata da tsakiya, don matashi da kuɗi a waya sai Allah.

Ku kuma ɗalibai, ku riƙe mez, wato haɗa tukunya. Mutum biyar da ke dafa adas ko ful tare sun fi mai saye a kanti sauƙi ƙwarai. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yabi Ash'arawa saboda in guzurinsu ya yi ƙasa sukan tara abin da ya rage su raba daidai, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Da hutu kuma a nemi na kai: yankan riɗi, koyar da yara darasi, tsayawa a shago ko wurin agashe. Ba abin kunya a ciki.

Zakka da haƙƙin jama'a

Ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, ta ƙofar faƙirai da miskinai. Mutum ba ya ba da zakkarsa ga wanda ciyar da shi ke kansa. Amma baffa da kawu da yaya da gwaggo suna iya ba ɗan ɗan'uwansu, kuma sadaka ga dangi lada biyu gare ta, na sadaka da na zumunci. Diwanin Zakka yana da tsarin ɗaukar nauyin ɗaliban jami'a marasa ƙarfi, Sanduk ma yana da nasa. A fara da kwamitin zakka na unguwa, a tafi da takardar shiga jami'a da lambar ɗan ƙasa, a kai da wuri, a kuma riƙa bibiya. Ƙasar da ake fitar da ushirin dawa da riɗi irin tamu, neman wannan haƙƙi ba roƙo ba ne.

Mu tuna kuma cewa ɗalibi bai taɓa zama nauyin uba shi kaɗai ba a tarihin Musulmi. Abu Yusuf ɗan talakawa ne, gida suna so ya bar karatu ya nemi abinci. Imam Abu Hanifa ya lura ya daina zuwa, ya nemo shi, ya riƙa ba shi kuɗi har ya tsaya da ƙafarsa. Shi ne ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid. A da can, a Azhar akwai ruwaƙin Sinnar da ruwaƙin Barno, inda ɗalibai daga ƙasashenmu suka riƙa kwana suna samun gurasa daga waƙafi. Kakanninmu da suka biyo hanyar hajji suka zauna a Mai Wurno da Gadarif da Kassala, da ciyar da almajiran makarantar allo suka raya karatu, kowane gida da ƙwaryarsa. Ɗalibin jami'a almajiri ne shi ma, allonsa ne ya sauya.

Saboda haka kowane masallaci yana iya buɗe littafi na ɗaliban unguwa: suna, jami'a, shekara, da abin da ya gagara. Mai gona ya sa buhu, mai shago ya sa mai da sukari, mai mota ya ɗauki guzuri kyauta, wanda ke da ɗaki a Kassala ya sauki yaro ɗaya. A damƙa littafin ga amintattu biyu ko uku, a rufa asirin masu karɓa, a karanta lissafi a gaban jama'a ba tare da ambaton suna ba. Wanda ya gama ya samu aiki, ya ɗauki na bayansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya kai uba, in abin ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa liman ko wani dattijo tun kafin yaro ya bar aji, don mayar da wanda ya fita ya fi riƙe wanda ke ciki wuya. Ya kai ɗalibi, kowane jine da ya shigo wayarka, ka san wani ya hana kansa ne ya turo maka.

Allah Ya buɗa wa iyaye, Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu. Wallahu a'alam.