Tsakanin Sakkwato da Jidda: Nisan Hanya da Tsawon Lokacin Tafiya

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a duba tambayar da mutanen Talatar Mafara da Bakura da Maradun kan yi wa alhaji da ya dawo, watau: awa nawa ne daga nan zuwa ƙasa mai tsarki? Amsoshin alhazai sukan sha bamban, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Idan aka miƙa zare a kan taswira daga Sakkwato, inda alhazan wannan yanki suka saba tashi, zuwa Jidda, za a sami kimanin kilomita 3,700. Babban jirgin sama kuwa yana cin kamar kilomita 850 a awa guda. Lissafi zai ba da awa 4 da 'yan mintoci, amma da yake jirgi ba ya gudu sosai wajen hawa da sauka, tafiyar takan kai wajen awa 5.

Sai dai agogo yana da nasa ruɗani. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa 2, domin rana tana riga fitowa can. Alal misali, wanda ya tashi da ƙarfe 10 na dare zai tarar ƙarfe 5 na asuba ne a Jidda, ya ɗauka awa 7 ya yi a sama. Wajen dawowa kuma sai ya ga kamar awa 3 kacal, ya ce jirgin nan ya fi na zuwa sauri!

Bugu da ƙari, sararin sama ma da masu shi. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa Cadi da Sudan kafin ta ƙetare Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, aka rufe samaniyarta, jiragen alhazai suka koma yin zagaye, lokaci ya ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi, ga shi Jidda tana nan inda take.

Wannan hanya ta Sudan ita ce kakanninmu suka taka da ƙafa, ta Barno da Fashir da Kartum har Sawakin a bakin teku, suna yada zango su yi ƙodago su sami guzuri. Wasu shekaru suka yi, wasu ba su dawo ba. Garin Mai Wurno da ke Sudan mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

A ganina, abin da ya fi cin lokacin maniyyaci a ƙasa yake. Daga Mafara zuwa Sakkwato kilomita 100 ne da 'yan kai, amma mutum yakan kwana biyu ko uku a sansanin alhazai yana jiran a kira sunansa.