Gajeren Rage Kitse: Gaskiya da Shaci-faɗi a Gidajen Ƙarfen Tamale

Daga Sakasaka zuwa Lamashegu, daga Aboabo zuwa Zangon Hausawa, ba a rasa lungun da samarin Tamale suka kafa wurin ɗaga ƙarfe. Wani wurin yana da na'urori da fanka, wani kuwa siminti ne aka zuba a gwangwani aka soka masa bututu. Da yawansu tsari ɗaya suke bi: a yi watanni ana ci fiye da buƙatar jiki don tsoka ta ƙaru, in teɓa ta fara leƙowa a taka birki, a rage ci sosai na mako biyu zuwa shida, sannan a koma gini. Bidiyon TikTok da YouTube ne suka yaɗa wannan dabara, ta kuma iso da rakiyar maganganu iri-iri, wasu da tushe, wasu ji-ta-ji-ta kawai.

Wadda ta fi tsorata masu ƙwanji ita ce wai da zarar an rage ci, tsoka ce take fara narkewa. An gwada wannan a Jami'ar McMaster ta Kanada, aka buga sakamakon a 2016. Samari 40 aka rage wa kashi 40 cikin ɗari na abincin da jikinsu ke buƙata har mako huɗu, ana ba su horo mai tsanani kwana shida a mako. Rabinsu suna samun furotin giram 2.4 a kan kowane kilo na nauyinsu, sauran giram 1.2. Masu furotin da yawa suka zubar da kitse kilo 4.8, naman jikinsu ya ƙaru da kilo 1.2. Ɗaya rukunin ya zubar da kitse kilo 3.5, naman jikinsa bai ragu ba.

Masu yaɗa wannan sakamako sukan tsallake abu ɗaya: samarin nan suna da kitsen ajiya, kuma ba tsofaffin hannu ba ne a ɗaga ƙarfe. Wanda ya shekara biyar a ƙarƙashin ƙarfe kada ya sa rai da ƙarin tsoka cikin yunwa. In ya tsira da wadda yake da ita, ya ci riba. Binciken Ina Garthe a kan ƙwararrun 'yan wasan Norwe a 2011 ya nuna inda iyakar take. Waɗanda aka tsara musu sauke kashi 0.7 cikin ɗari na nauyinsu a mako sun ƙara naman jiki da kusan kashi 2, waɗanda aka tsara musu ninkin haka kuwa ba su ƙara komai ba. Shi ya sa masana ke shawartar rabin kashi zuwa kashi ɗaya a mako. Ga mai kilo 80, giram 400 zuwa 800 ke nan.

To, ina aka samo masu rantsuwa cewa kilo uku suka zubar a makon farko? Ba ƙarya suke yi wa sikeli ba, fassarar ce ta kuskure. Tsoka da hanta suna ajiye sukari wajen giram 400 zuwa 500, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku. In aka rage tuwon zafi, doya da shinkafa, ajiyar nan ta ragu, ruwan ya bi ta, hanji ma ya yi sauƙi. Kilo ɗaya na kitse kuwa yana ɗauke da kalori kusan 7,700, don haka ƙone kilo uku cikin kwana bakwai ya fi ƙarfin ko wanda bai sa komai a baki ba. Rashin wannan ruwan ne kuma ke sa damtse ya yi laushi a madubi, mai shi ya ɗauka tsoka ta gudu. Kwana biyu ko uku na cin abinci sosai, sai ya ga ta cika.

Masu naɗe ciki da leda su fita gudu ma ruwan suke zubarwa. A garin da zafin Maris da Afrilu ke kaiwa digiri 40, wannan neman suma ne, ba neman kyan jiki ba.

Akwai kuma masu cewa lokacin rage kitse a ajiye ƙarfe mai nauyi, a ɗauki marar nauyi a yi ta maimaitawa don tsoka ta fito zane-zane. Zanen tsoka daga raguwar kitsen da ya rufe ta yake zuwa. Aiki mai wuya shi ke sanar da jiki cewa har yanzu ana buƙatar wannan tsoka, saboda haka yawan zagaye za a iya ragewa, nauyin a bar shi yadda yake. Motsa ciki ma ba ya zaɓar kitsen tumbi: a wani gwaji a Amurka a 2011, an yi mako shida ana motsa tsokar ciki kwana biyar a mako, tsokar ta ƙara juriya, kitsen bai gusa ba.

Batun cewa rage ci yana lalata yadda jiki ke ƙona abinci har abada ya samo asali daga gaskiya, sai dai an yi masa ƙarin gishiri. A gwajin yunwa na Ancel Keys a Minesota, tsakanin 1944 da 1945, maza 36 sun yi mako 24 a kan kusan rabin abincinsu, suka rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, ƙonawar jikinsu ta yi ƙasa ƙwarai. Amma da suka koma ci, ta farfaɗo. Mako huɗu da ƙoshin furotin bai kama ƙafar wannan ba.

Inda masu yabon dabarar su ma suka zarce gona da iri shi ne cewa bayan ramewa jiki yana buɗewa, tsoka ta riƙa fita da gudu. Hujjar wannan ba ta da ƙarfi, kuma tashin sikeli a makon dawowa mafi yawansa sukari ne da ruwa. Amfanin da za a iya tsayawa a kai mai sauƙi ne: kitse ya ragu, sha'awar abinci ta dawo ga wanda ya gaji da ɗura, an samu filin ƙara watannin gini.

Ba kuma sai da garin furotin na gwangwani ba. Kasuwar Aboabo ta wadatar: naman zabo, busassun ƙananan kifaye, wagashi, awara, tubani, da ƙwai mai furotin giram shida kowane ɗaya. Mai kilo 70 yana neman furotin wajen giram 140 a yini. Tuwon zafi ba haramun ba ne, a rage malmalar dai, a yawaita miyar ayoyo. Ɓarawon da ba a lura da shi mai ne. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, gyaɗa kuwa kusan rabinta mai ne, giram 100 ya haura kalori 550. Mutum ya bar tuwo da dare ya zauna da ƙullin gyaɗa biyu da ƙosai, sai ya yi ta zargin sikeli.

A gari mai rinjayen Musulmi, dole a ji masu cewa azumin Ramadan shi kansa rage kitse ne. Wani bincike a kan masu gina jiki 16 a Tunisiya, wanda aka buga a 2013, ya gano nauyinsu da kitsensu ba su canza ba a watan, ko sun yi horo da azumi a baki ko bayan buɗa-baki. Abin da aka ci tsakanin magariba da sahur shi ke yanke hukunci.

Shayin rage tumbi da ake tallarsa a WhatsApp yawanci gudawa ko fitsari yake sawa, ruwa ne dai ke fita. Mafi muni shi ne ƙwayar DNP, wadda ta kashe matasa masu neman ramewa a Ingila ta hanyar ɗaga zafin jiki har ya gagari likitoci. Duk kwalbar da ba ta da rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Gana, a bar wa mai ita. Yaron da bai gama girma ba da siririn da bai tara komai ba, wannan tsari ba nasu ba ne. Mai ciwon sukari ko na ƙoda kuwa sai ya fara zama da likita a Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibitin unguwarsu kafin ya taɓa abincinsa.