Lokacin da Sabon Birni ta koma layin Nijar

A watan Satumba na 2021, makonni kaɗan bayan an toshe layukan waya a Zamfara, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da cewa an yi haka a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato. Isa da Sabon Birni suna ciki. Hujjar gwamnati ita ce da waya 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari suke ƙulla hari, da ita kuma ake cinikin kuɗin fansa.

Aka wayi gari waya ba ta da amfani sai haska ɗaki. Masu POS suka zauna jugum, ɗan ci-rani a Legas ya rasa ta inda zai turo kuɗin cefane, saƙon rasuwa ya koma takarda da ake damƙa wa direba a tasha.

Sai dai ƙasar Gobir, inda Sabon Birni take, a bakin iyaka take, kuma turakun Airtel da Moov na Nijar ba ruwansu da umarnin Abuja. A ƙauyukan da ke kusa da ƙasar Maraɗi, sabis ɗinsu yana tsallakowa. Mutane da dama danginsu suna Tsibiri da Gidan Rumji a tsallaken iyaka, sayen layin Nijar bai zame musu baƙon abu ba. Wanda ya mallaki ɗaya sai ya zama gidan wayar unguwa, ba wanda ya naɗa shi, ba mai biyansa. Zai hau tudu ya ɗaga waya sama, yana jujjuyawa har sanda ɗaya ta fito, mata da tsofaffi suna jira da lambobinsu a rubuce a guntun takarda. Kiran Sakkwato ya zama kiran ƙasar waje, kati na ƙarewa tun ba a gama gaisuwa ba. Wani lokaci ma ɗan'uwan ya ga lamba ta fara da +227 ya ƙi ɗauka, don a zamanin baƙuwar lamba tsoro take ba mutum.

Abin takaicin shi ne 'yan bindiga ma sun san wannan dabara, kuma sun fi talaka kuɗin kati. A ganina wanda aka rufe wa baki shi ne mai neman ɗauki. Kafin Satumba ya ƙare an afka wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma. A Oktoba aka kai hari kasuwar Unguwar Lalle, sannan ranar 17 ga watan aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo.

Bayan wannan ne Tambuwal da kansa ya nemi gwamnatin tarayya ta buɗe layukan, domin toshewar tana hana jama'a sanar da jami'an tsaro in an kawo musu hari.