Labarin Edmund Dulac, Mai Zanen Da Ya Yi Wa Dare Dubu Da Ɗaya Sura

Bayan haka, ya kai mai karatu, ka sani yaro ba ya riƙe kalmomin littafi kamar yadda yake riƙe surar da ya gani a ciki. Kalmomi sukan zube idan shekaru sun tura, amma aljanin da ya gani yana fita daga tulu, wannan yana nan a zuciyarsa har furfura. Saboda haka mai zanen littafin yara matsayinsa kamar na mai sharhi ne a kan matani: idan ya fahimta, ya fahimtar da dubbai, idan ya karkace, ya karkatar da su. Wannan labarin ɗaya ne daga cikin gwanayen wannan sana'a a ƙasar Turai.

An haifi Edmund Dulac a birnin Tuluz, kudancin Faransa, ran 22 ga Oktoba, 1882. Ya fara da karatun shari'a irin ta Turawa, amma zuciyarsa tana wajen alƙalami da launi, sai ya bar shari'a ya koma makarantar zane. Ya ɗan taɓa karatu a Paris, kana ya haye zuwa Landan yana saurayi, domin a wancan zamani can ne kasuwar littattafai masu sura take ci. Aikinsa na fari shi ne zana littattafan hikaya na wasu mata 'yan uwan juna, 'yan gidan Bronte. A 1912 ya zama ɗan ƙasar Ingila.

To, zuwansa ya dace da wata sabuwar dabara ta ɗab'i. A da, sai mai zane ya kewaye kowane abu da baƙin layi domin ya tsare launi. Amma sai masu maɗaba'a suka gano yadda za a ɗauki hoton zane sau uku, a ware rawaya daban, ja daban, shuɗi daban, a yi wa kowanne farantinsa na ƙarfe, sa'an nan a buga su ɗaya bisa ɗaya. Da haka launin ruwa yake fita a takarda kusan yadda ya bar hannun mai shi. Ana buga surar a takarda mai santsi, a liƙa ta cikin littafi, a rufe ta da wata 'yar shara-shara. Babban abokin takararsa, Arthur Rackham, ƙarfinsa yana ga layin tawada. Shi kuwa Dulac ya dogara ga launi, musamman shuɗi mai duhu irin na shuni, wanda yake zana dare da shi.

A 1907 kamfanin Hodder da Stoughton ya fitar da wasu zaɓaɓɓun hikayoyi na Alfu Laila wa Laila, watau abin da Hausawa suka sani da Dare Dubu da Ɗaya. Laurence Housman ne ya sake tsara su da Turanci, Dulac ya yi musu sura 50. A ciki akwai labarin masunci da aljani, da na Ali Baba da ɓarayi arba'in, da na dokin sihiri. Wannan littafi shi ya ɗaga sunansa. Daga nan kusan kowace shekara sai ya fitar da babban littafi gabanin Kirsimeti, lokacin da iyaye ke saya wa 'ya'yansu kyauta: tatsuniyoyin Faransa a 1910, na Hans Andersen a 1911, labarin Gimbiya Badura a 1913, na Sindbad matafiyin teku a 1914.

A nan akwai abin lura. Waɗannan hikayoyi sun yi doguwar tafiya kafin su iso hannunsa. Wani Bafaranshe, Antoine Galland, shi ya fara juya su daga Larabci, tun 1704. Labarin Ali Baba da na Aladdin ma ba daga tsohon rubutun da ke hannunsa ya same su ba, daga bakin wani mutumin Halab ya ji su, Hanna Diyab, a 1709. Ashe Bagadazar da yaran Ingila suka gani ta biyo ta hannun mai fassara, ta biyo ta hannun mai taƙaitawa, kana ta faɗo hannun ɗan Faransa mazaunin Landan. A surorinsa na 1907 ana ganin alamar haka: manyan rawuna, dogayen hanci, tsofaffi masu ban dariya, kamar yadda Bature ke kintata mutanen Gabas daga nesa.

Amma Dulac bai tsaya nan ba, kuma wannan shi ne abin yabonsa. Ya duƙufa a kan ƙananan surorin da gwanayen Farisa da na Hindu suka ƙawata littattafansu da su ƙarnoni da suka shige, ya zauna gabansu zaman almajiri. Da littafin Sindbad ya fito, sai aka ga hannunsa ya sake. Inuwa ta ragu, launuka sun fito fili tas, zayyana ta cika tufafi da bango da darduma, duwatsu da raƙuman ruwa sun ɗauki fasalin zanen Farisa. Shekara bakwai ke nan tsakanin littafin farko da wannan. Gwani ne da suna ya riga ya kai shi ko'ina, amma bai ji kunyar komawa ya koya daga masu abin ba.

Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914. A 1915 ya haɗa littafi wanda aka ba da ribarsa domin jinyar sojojin Faransa. Bayan yaƙi takarda ta yi tsada, aljihu ya yi sanyi, kasuwar manyan littattafan kyauta ta faɗi. Bai naɗe hannu ba. Ya zana tufafin wasan kwaikwayo, da surorin manyan mutane, da bangon wata mujalla ta Amurka tun daga 1924. Daga bisani ya koma ga mafi ƙanƙantar fili, watau kan sarki. Shi ya zana na naɗin Sarki George na Shida a 1937. A yaƙin Hitila ya zana kan sarki da takardun kuɗi ga Faransawan da suka bi Janar de Gaulle, har da na wasu ƙasashen da Faransa ke mulka a Afirka.

Ya mutu da ciwon zuciya ran 25 ga Mayu, 1953, yana da shekara 70, saura kwana takwas a naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Ɗaya daga cikin kan sarkin wannan naɗi zanensa ne, amma bai ga fitarsa ba.

To, duk wanda aka ba shi labarin wasu mutane ya zana wa yara, amana aka ba shi. Ya fara zuwa ya ga yadda mutanen suke zana kansu. Haza wasalam.