Inji Ma Yana Shan Ruwa

Mu mutanen Mabera mun san zafin bazara. Mutum ya yi ɗan aiki kaɗan, sai ya nufi randa. To, inji ma haka yake. Wuta ce ke ci a cikinsa, gama mai yake ƙonawa. In bai sami abin da zai sanyaya shi ba, sai ƙarfensa ya kumbura, ya buga.

Bari mu duba injin kwalekwale, irin wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi a kogin Rima da Yawuri. Irin wannan inji daga Amurka ya yaɗu, inda wani mutum, Ole Evinrude, ya soma sayar da nasa a 1909. Ba shi da lagireto irin na mota. Kogi ne randarsa.

Ga yadda yake shan ruwa. A ƙafarsa da ke nutse akwai ƙananan huda. Wani ɗan famfo na roba yakan zuƙo ruwa ta nan, ya tura shi sama. Ruwan ya kewaye wurin da wutar take, ya kwashe zafi. Sa'an nan ya bi hanyar hayaƙi, ya koma kogi. Watau aiki biyu yake yi. Yana sanyaya inji, yana kuma sanyaya bututun hayaƙi, ya rage masa ƙara. Babur ɗin ruwa, wanda akan hau don wasa a bakin teku, shi ma haka ne. Ana fesa ruwa cikin salansarsa. In ruwan ya yanke, robar da ke wurin sai ta ƙone.

Direban kirki yakan duba ruwan da ke tsartuwa ta wata 'yar huda a gefen inji. In ya daina fita, to, ciyawa ko leda ko yashi ya toshe hanya. Sai ya kashe inji nan da nan, ya gyara. In ya yi sakaci, inji ya mutu a tsakiyar kogi, ga jama'a cike da jirgi.

Wani lokaci mutum yakan sami tsohon injin jirgi da araha. Ya kawo shi gari don ya juya injin niƙa ko famfon ban ruwa. Wannan ya fid da kifi daga ruwa ke nan. In ya tayar da shi haka, kafin minti ɗaya famfon robar ya lalace. Jarinsa ya tafi.

Dabarar ita ce irin ta masu niƙa. Kun ga duron ruwa da ke tsaye kusa da injinsu? Tiyo biyu gare shi. Na ƙasa yana kai ruwan sanyi cikin inji. Na sama yana komo da mai zafi cikin duro, ya huce. Amma sai makanike ya raba hanyar ruwa da ta hayaƙi, ya sa bututun ƙarfe. In ba haka ba, ruwan duron duk ya bi hayaƙi ya zube.

Mu kiyaye waɗannan:

1. Kada mu tayar da injin jirgi ba ruwa, ko don gwaji.
2. Ruwan duro ya rufe bakin tiyo na sama kullum.
3. Mu zuba ruwa mai tsabta, marar laka.
4. In inji ya yi zafi ƙwarai, kada mu kwara masa ruwan sanyi. Ƙarfen yakan tsage. Mu bari ya huce.
5. Bututun hayaƙi ya fita waje. Hayaƙin inji a ɗaki rufaffe yana kisa.

Rigakafi ya fi magani. Duron ruwa ya fi sabon inji araha.

Tambayoyi

1. Ina injin kwalekwale yake samun ruwa?
2. Wane aiki biyu ruwan yake yi?
3. Don me duro yake da tiyo biyu?